Dillali Ya Ce In Biya Kafin Juma'a, Kuɗin Kuwa Na Marayu Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Kano. Maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yara huɗu, babbansu shekararsa 14. Bayan rabon gado, tumunina da rabon yaran da ɗan abin da na tara sun kai naira miliyan 19. Haya muke zaune, ina so in saya mana muhalli kafin kuɗin su narke. Yayana ya haɗa ni da wani dattijo dillali da suke sallah a masallaci ɗaya. Ya nuna mana gida a Ɗorayi, ɗaki uku da falo, ya ce miliyan 17 ne, gidan gado ne, masu shi ba sa son a san suna sayarwa, don haka ba zai haɗa ni da su ba sai ranar biya. Takardar da na gani hoton takardar mai unguwa ce a wayarsa. Ya ce wani Alhaji ya taya, in ban tura kafin alƙalami miliyan 2 a asusunsa kafin Juma'a ba, gidan ya tafi. Akwai kuma wani kamfani da nake gani a Facebook, na je ofishinsu, na ga takardar rajista a bango. Filaye suke sayarwa a hanyar Gwarzo, a biya kaɗan-kaɗan cikin shekara guda, sun ce takardar gwamnati tana hanya. Yayana ya ce yawan tambaya cin fuska ne ga dattijon, ƙawata kuma ta ce kamfani ya fi tsaro tunda yana da rajista. Malam, yaya ake gane dillalin da za a amince masa?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya kyautata makwancinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya ba ki ikon riƙon su.

Tunda an ɗora miki Juma'a a ka, bari in fara da amsar gaggawa: kada ki tura ko kwabo, ga dattijon ko ga kamfanin, a yadda abubuwa suke yanzu. Wannan ba hukunci ba ne cewa ɗayansu macuci ne. Dalilina shi ne duk abin da kika sani game da gidan nan da filin nan, daga bakin wanda yake son ya sayar miki kika ji shi. Yayanki ya auna dattijon da sahun masallaci, ƙawarki ta auna kamfanin da ofis da takarda a bango. Awon da ya fi su amfani shi ne ki ce wa mutum za ki je ki bincika da kanki, ba tare da shi ba, sannan ki zuba ido ki ga yadda zai yi. Dillalin kirki zai buɗe miki hanya zuwa wurin mai kaya da wurin hukuma, har ya ba ki lambar fayil. Wanda yake da abin ɓoyewa zai tsaya a tsakani, ya kawo uzuri, ya kawo gaggawa, in ya rasa yadda zai yi ya kawo fushi.

Ki fara da sanin inda abincin dillali yake fitowa. Ba shi da albashi, la'ada yake ci, la'ada kuwa ba ta faɗowa sai an ce "na sallama" an shafa fatiha. Zai iya wata biyu yana yawo da masu saye cikin rana yana ƙona man babur ɗinsa, in ciniki bai faɗa ba ya tashi a tutar babu. A Kano abin da aka saba ji shi ne kashi 5 cikin 100 a cinikin gida ko fili, kashi 10 a haya, kuma al'ada ce da yarjejeniya, ana ragewa ana ƙarawa. Kashi 5 na miliyan 17 ya kama naira 850,000. Mutumin da wannan kuɗi ke jiransa in kin saya, in kin fasa kuma ba shi da komai, ko mutumin kirki ne harshensa zai fi saurin faɗin alherin gida a kan aibinsa. Shi ya sa ba a tambayar dillali ko gida yana da matsala sannan a tsaya a kan amsarsa.

Sana'ar kanta halal ce, kuma tana da mutunci. Imamu Bukhari ya buɗe babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Sharaɗin da ke kan dillali shi ne wanda ke kan kowane mai ciniki, wanda ya zo a hadisin Hakim bin Hizam: idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, sai a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya sai a shafe albarkar. A kasuwar kara, in saniyar da aka saya ta zama ta sata, dillalin da ya tsaya a cinikin ake nema, shi ma ya san da haka tun kafin ya buɗe baki. Wannan nauyin ne ya sa ake ba shi la'ada. Don haka tambaya ta farko ga dattijon nan mai sauƙi ce: zai sa hannu a takardar ciniki, da cikakken sunansa da adireshin gidansa da hoton katin shaidarsa, a matsayin wanda ya tsaya a kai? Wanda ya san kayansa lafiyayye ne ba ya jin tsoron alƙalami.

Abubuwa uku a cikin wasiƙarki sun tsaya mini a rai game da shi, kuma mafi girmansu ɓoye masu gida. A yi masa adalci, akwai dalilin da ke sa dillalai haka ba don cuta ba. Suna tsoron a zagaye su, mai saye ya ga mai gida su gama a bayan idonsu a hana su la'ada, kuma abin yana faruwa sosai. Maganin wannan yana hannunki. Ki sa a rubuta masa takarda gaban shaidu biyu cewa idan kin sayi gidan nan, ko ta hannun wa, la'adarsa kaza tana nan. Da zarar haƙƙinsa ya tabbata a rubuce, ba shi da sauran hujjar hana ki ganin masu gida. Idan bayan haka ya ci gaba da noƙewa, to ɗayan uku ne. Ko dai farashin da magada suka sa bai kai miliyan 17 ba, abin da ya hau kai kuma shi da 'yan kayi-na-yi za su raba. Ko ba duk magadan ne suka yarda a sayar ba. Ko kuma babu wanda ya ba shi gidan ya sayar, daga bakin wani dillalin ya ji, wanda shi ma daga bakin wani ya ji. Wasu dillalai sukan kafa hujja da maganar Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa babu laifi mutum ya ce "sayar da tufan nan, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne". Maganar ta tabbata, amma ki lura mai kaya ne ya faɗa da bakinsa, da saninsa. Ɗora miliyoyi a kan gidan mutane ba su sani ba, sannan a karɓi la'ada a hannunsu a karɓa a hannunki, kowa yana zaton shi kaɗai ya biya, wannan ha'inci ne. Ranar da kuka zauna da magada, ki ambaci farashin da babbar murya, ki tambaya a gaban kowa: la'ada ciki ko la'ada waje, kuma wa zai biya?

Na biyu, Alhajin da ya taya. Idan babu shi, ƙirƙirarsa aka yi don a zaburar da ke, wannan dangin najashi ne, wato zuga farashi da tayin da ba na gaskiya ba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Idan kuwa yana nan har magada sun karkata gare shi, to shiga kan cinikin ɗan'uwa ma an hana. Ta ko'ina kika duba, babu abin da ya wajabta miki gudu. Gidaje ba su ƙare a Kano ba, amma miliyan 19 ɗin nan in ta tafi babu wata a bayanta.

Na uku, kafin alƙalami a asusun dillali. Kuɗin gida na mai gida ne, ba a ajiye su a aljihun ɗan tsakani. Imamu Malik ya kawo hani a Muwaɗɗa kan kuɗin riƙon ciniki da ake cinyewa idan mai saye ya fasa, Hambaliyya kuma sun halatta, don haka kada ki bar shi a baki. In ma za a bayar, sai bayan kin ga masu gida da takardun asali, a tura ta banki zuwa asusun wanda magada suka wakilta, a rubuta ƙarara cewa idan bincike ya nuna matsala kuɗin za su dawo cif.

Yanzu batun gidan gado, wanda a nan ne na fi jin tsoro. Gidan da ba a raba ba na duk magada ne, babu wani ɗaya daga cikinsu, ko shi ne babban wa, da zai iya sayar da rabon sauran ba da yardarsu ba. Waɗanda aka fi mantawa su ne mata da ke gidan aure a wani gari, da wanda ke ci-rani a Legas ko Saudiyya, da matar mamacin da ta sake aure, da ƙananan yara. Shekara biyu ko uku bayan kin tare, ɗaya daga cikinsu zai iya bayyana da sammaci ya ce shi bai sallama ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da ita, abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa baƙo kuɗinsa ya karɓe rabon da aka sayar masa. Saboda haka ki nemi takardar kotun da ta raba gadon, mai ɗauke da sunayen magada da wanda gidan ya faɗa wa ko umarnin a sayar. Idan a gida aka yi rabon, ki nemi sanin malamin da ya raba, a jera magada ɗaya bayan ɗaya, kowane baligi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa da kansa, mata ma a je har inda suke. Ke da kika fito daga rabon gado bara kin fi kowa sanin yadda zukata suke a irin wannan lokaci. Maganar "ba sa son a sani" ita ce ainihin abin da ya kamata ya sa ki ce sai an sani. Rubutun nan da muke gani a bangon gidaje, "wannan gida ba na sayarwa ba ne", galibi masu shi sun taɓa jin ƙishin-ƙishin ana cinikinsa a bayan idonsu.

Takardar mai unguwa kuma, ki san iyakarta. Shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ita ce mallaka a idon doka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da izinin zama a filayen birni, da takardar da aka fi sani da C of O, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 ya ce mai wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Ita kanta C of O ɗin ba ta wanke komai, domin a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 kotun ta nuna cewa takardar ba ta ba mutum abin da tun asali ba nasa ba ne. Ba na ce miki kada ki sayi gidan awon igiya, wato wanda ba gwamnati ce ta yanka filinsa ba, unguwanni da yawa a Kano haka suka tashi, miliyoyin mutane kuma a ciki suke zaune lafiya. Abin da nake cewa shi ne ki san abin da kike saye, farashin ma ya nuna haka. Ki ga takardun asali da idonki, ba hoto a waya ba, tun daga mai gonar farko har zuwa mamacin, ba tare da giɓi a tsakani ba. Ki je wurin mai unguwa da ƙafarki, daga nan wurin dagaci. Sannan a kai zanen wurin hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa da safiyo, a duba ko gidan ya hau kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko wani tsarin gwamnati da ba a kai ga aiwatarwa ba. In kuma aka ce akwai C of O, a bincika fayil ɗinta a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a ga sunan wa ke ciki, kuma ko an jinginar da ita a banki. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, ya taɓa mutane da yawa da ke riƙe da takardu a hannu. Tun daga lokacin, mai hankali ba ya tsayawa a kan tambayar takarda kawai, sai ya ƙara da cewa: da can wurin nan mene ne?

Mu koma kan kamfanin da ƙawarki ta yaba. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da kika gani a bango tana nuna an yi wa suna rajista, shi ke nan. Ba ta ce kamfanin yana da fili ba, ba ta ce masu shi amintattu ne ba. Duk da haka ki duba ta, kyauta ne a shafin hukumar na intanet: yaushe aka yi rajistar, kamfani ne cikakke ko sunan kasuwanci kawai, kuma yana raye ko an nuna ya daina cika ƙa'ida. Haka takardar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, wadda doka ta wajabta wa masu harkar gidaje. Rashinta alama ce mara kyau, samunta kuma ba shaidar gaskiya ba ne, domin aikinta sa ido kan safarar kuɗin haram. Kamfani ya fi tsohon dillalin unguwa iya ɓacewa. Dattijon yana da gida da iyali da masallacin da ake ganinsa kullum, ofis kuwa haya ne, ana iya kwashe kujeru a dare ɗaya a rufe shafin Facebook.

"Takardar gwamnati tana hanya" magana ce da ake iya gwadawa cikin yini guda. Duk takardar da ke hanya tana da lambar fayil. Duk tsarin filaye da hukuma ta amince da shi yana da lambarsa, wadda a Kano ake kira lambar TP. Ki ce su ba ki, ki kai da kanki. Ki tambayi sunan wa ke kan filin, na kamfanin ne ko na wani mai gona da ba su gama biyansa ba, domin dabarar da wasu ke yi ita ce su ba manomi wani abu kaɗan, su kafa allo, su fara tara kuɗin jama'a da niyyar su cike masa daga ciki. In lissafi ya ƙi, manomi ya koma gonarsa, masu biya su koma ofishin 'yan sanda. Ki ce a kai ki a nuna miki fulotinki da lambarsa da fegi huɗu a ƙasa, ba a kan zanen kwamfuta ba. Ki karanta abin da yarjejeniya ta ce in kin makara wata ɗaya, da nawa za a zaftare in kin fasa, da ko suna da ikon ƙara farashi ko sauya miki wuri a tsakiyar biya. Abin da ya fi duk waɗannan nuna gaskiya shi ne aikinsu na baya. Su faɗa miki wurin da suka sayar shekara uku ko huɗu da suka wuce, ki je ba tare da yaronsu ba, ki ga ko an yi gini, ki tsayar da mutum biyu ki tambaye su yadda suka ƙare da kamfanin. In babu aikin baya, to da kuɗin marayu za a koyi sana'a, ni kuwa ban yarda da wannan ba.

Ko da kamfanin ya tsallake duk wannan, ra'ayina fili a bayan gari bai dace da halin da kike ciki ba. Za ki ci gaba da biyan haya, ga biyan wata-wata, ga gini a gaba, alhali buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000 a farkon 2024. Mai kuɗi ƙayyadaddu da yara huɗu a makaranta, ginannen gida mai tsaftatacciyar takarda ya fi mata, ko da ɗaki biyu ne.

A duk wannan tafiya kina buƙatar mutum ɗaya wanda za a biya shi ko kin saya ko kin fasa, domin shi kaɗai ne ba shi da riba a cikin "saya". Ki ɗauki lauyanki, wanda dillali ko kamfani ba su kawo ba. Shi zai yi binciken fayil, ya duba ko akwai shari'a a kan gidan, ya rubuta takardar ciniki da hatiminsa. Idan kina son sanin ko gidan ya kai miliyan 17, akwai masu ƙiyasta darajar kadara da hukumar ESVARBON ke yi wa rajista, hukumar da aka kafa da doka tun 1975, kowannensu da lambarsa da hatiminsa. Bambancinsu da dillalin bakin titi shi ne suna da lasisin da za a iya ƙwacewa, da wurin da za ki kai ƙara. Legas ta kai ga kafa hukumar LASRERA don yi wa dillalai rajista, amma a mafi yawan garuruwanmu kowa na iya wayar gari ya ce shi dillali ne. Duk da haka akwai ƙungiyoyin dillalai da shugabanninsu, ki sa a tambaya ko sun san dattijon, da ko an taɓa kawo ƙararsa. Abin da za ki kashe a lauya da bincike bai kai komai ba in aka gwada shi da miliyan 17, ki ware shi tun yanzu daga cikin ragowar miliyan 2, tare da la'ada da kuɗin gyaran takarda.

Akwai kuma binciken da ba ya cin kuɗi. Ki koma unguwar wata rana ba tare da dillali ba, da wata 'yar'uwa, ku shiga maƙwabta ku gaisa. Matan unguwa sun san wanda ya gina gidan, da matansa nawa, da 'ya'yan da ba sa ga-maciji da juna, da inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta. Ki tambaya musamman ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike, domin irin waɗannan gidaje sabon fenti kan rufe tsagewarsu na shekara ɗaya kawai. Mai shagon bakin layi zai faɗa miki ko an taɓa zuwa an shafa jan fenti a layin. Dillalin da ya faɗa miki aibi da kansa kafin ki gano, kamar rijiyar da ke ƙafewa da rani ko ɗan hayar da ya ƙi tashi, ki riƙe shi da kyau, irinsu suna nan kuma da su ake sake ciniki.

Yayanki kuwa, na fahimci kunyarsa, amma kunyar ba ta da wuri a nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, a cikinta kuma aka ce ku kafa shaidu idan kun yi ciniki, ga Sahabbai aka fara faɗa, mutanen da suka fi mu gaskiya. Kuma mafi yawan kuɗin nan ba naki ba ne balle ki yi kara da su, Allah Ya ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Ga yadda za a faɗa wa dattijon ba tare da an ɓata ba: "Baba, kuɗin marayu ne, amana ce a wuyana, ba ni da ikon fitar da su sai na zauna da magada, lauya ya ga takardun asali. La'adarka ga ta a rubuce." Dattijon kirki zai sa miki albarka a kan wannan magana. In ya yi fushi, kin samu amsar tambayarki ba ki yi asarar ko sisi ba.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma ba zan yi shiru a kai ba: sunan da za a sa a takarda. Kada a sa sunan yayanki ko wani namiji a dangi da sunan sauƙaƙa zirga-zirga, komai kirkinsa. Shi ma mai mutuwa ne, ranar da ya faɗi gidan zai shiga cikin gadonsa, 'ya'yanki su zama masu roƙo a gidansu. A rubuta sunanki da na yaran, da rabon kowa gwargwadon abin da aka zuba na kuɗinsa, ke a matsayin mai riƙe musu. Yana da kyau dangin mahaifinsu su shaida, ko a sanar da kotun da ta raba gadon, don kada gobe a ce kin ci dukiyarsu.

In komai ya fito lafiya aka sa ranar biya, a yi ta da rana, a ofishin lauyanki ko a cikin banki, magada da mai unguwa da dillali da shaidunki duk suna zaune. Kada ki ɗauki tsabar kuɗi. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma shaidar banki ita ce za ta tsaya miki in ta kai ga EFCC ko kotu, inda dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi kuɗi da yaudara. A rubuta a bayanin turawar cewa kuɗin sayen gida kaza ne a unguwa kaza. Takardun asali da makullai su shigo hannunki a wannan zama, kafin kowa ya tashi, la'ada kuma ta fita daban da rasiɗinta. In akwai ɗan haya a ciki, a riƙe wani kaso na kuɗin sai ya fita. Washegari a sauya kwaɗo, ku tare da wuri ko ki sa wani amintacce ya kwana a ciki, domin gidan da aka saya aka bari a rufe shi ake sake sayar wa mutum na biyu. Cikin makon nan lauyan ya shigar da neman mayar da takarda zuwa sunanku, kada a jira sai an huta. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri, Ya sa ku shiga a sa'a.